Wuta a Baya, Ƙanƙara a Gaba: Ƙananan Gidajen Abincin Tailan da Sushi a Unguwannin Amurka

A unguwannin biranen Amurka, har ma da ƙananan garuruwanta, akwai wani irin gidan abinci da ya zama ruwan dare. Ɗan shago ne mai tebura kaɗan, sau da yawa a maƙale tsakanin kantin magani da shagon wankin kaya, allon ƙofarsa na ɗauke da sunan abincin ƙasashe biyu, Tailan da Japan. Wanda ya shiga zai tarar da kanta daga gefe, da gilashi mai sanyi a kanta, an jera yankakken kifi a ciki, wani mutum tsaye da doguwar wuƙa da farin ƙyalle. Daga can baya kuma, bayan labule ko ƙofa, ƙarar kasko ce ke tashi tare da ƙamshin tafarnuwa da barkono da madarar kwakwa. Takardar jerin abincin takan kasu biyu: gefe ɗaya miya da taliya da soye-soyen Tailan, ɗaya gefen kuma sushi, wato shinkafa mai ɗan tsami da ake ɗora wa kifi ko a naɗe ta da shi.

Tsakanin Bankok da Tokiyo akwai tafiyar sama da kilomita 4,000, kuma girkin ƙasashen biyu ya sha bamban. Na Tailan yana son wuta mai ƙarfi da haɗa yaji da tsami da gishiri da zaƙi a loma guda. Sushi kuwa yana son sanyi da natsuwa da taƙaita kayan haɗi, ta yadda ɗanɗanon kifin ne zai fito. Haɗuwarsu a ƙarƙashin rufi ɗaya ta samo asali ne daga tarihin ƙaura da neman abin kai, kuma sanin wannan tarihi yana taimaka wa mai ci ya fahimci abin da aka ajiye masa a gaba.

Yadda aka haɗu

Mutanen Tailan sun fara shiga Amurka da yawa bayan dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin da ya daɗe yana tauye shigowar 'yan Asiya. Lokacin ya zo daidai da yaƙin Biyetnam, sa'ad da sojojin saman Amurka ke da sansanoni a Tailan, a wurare irin su Udon Thani da Korat da Ubon da U-Tapao. Wasu mata sun auri sojoji suka biyo su, ɗalibai da ma'aikatan jinya ma suka zo. Los Anjalis ce ta fi tara su, har a 1999 majalisar birnin ta amince da wani yanki na titin Hollywood a matsayin unguwar 'yan Tailan. Bayan 1975 kuma 'yan gudun hijira daga Lawos sun iso, kuma da yawa daga cikinsu da suka buɗe gidan abinci sun rataya masa sunan Tailan, domin shi jama'a suka sani, ga shi kuma girkinsu ɗan'uwa ne ga na yankin Isan da ke arewa maso gabashin Tailan.

A 2002 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta ƙaddamar da wani shiri na yawaita gidajen abincin Tailan a duniya, daga kusan 5,500 zuwa 8,000. An horar da masu girki, an buɗe hanyar rance, an sauƙaƙa fitar da kayan miya, ma'aikatar kasuwanci kuma ta riƙa ba da shaidar Thai Select ga gidajen da ta gamsu da girkinsu. Ana yawan kawo wannan shiri a matsayin dalilin da ya sa al'ummar da ba ta kai rabin miliyan ba a Amurka take da dubban gidajen abinci. Shirin ya taimaka, amma ya tarar da iyalai sun riga sun kafa sana'ar da guminsu shekaru talatin kafin nan.

Sushi ya biyo tasa hanyar. A tsakiyar shekarun 1960 gidan abincin Kawafuku da ke unguwar Japanawa a Los Anjalis ya buɗe kantar sushi, da taimakon ɗan kasuwa Noritoshi Kanai wanda ke shigo da kayan abincin Japan. Da farko ma'aikatan kamfanonin Japan ne masu saye. Abin da ya jawo sauran Amurkawa shi ne naɗin da ake kira na Kalifoniya: an sa piya da kokwamba da naman kaguwa, an juya shinkafar ta koma waje, baƙin ganyen tekun da ke ba mutane tsoro ya ɓuya a ciki. Har yau ana jayayya kan wanda ya ƙirƙiro shi, wasu na cewa Ichiro Mashita na Los Anjalis, wasu kuma Hidekazu Tojo na Bankuba a Kanada. Zuwa shekarun 1980 sushi ya zama abin yayi, buƙatarsa ta zarce yawan ƙwararrun Japanawa da ke ƙasar. Japan ta riga ta yi arziki a lokacin, 'ya'yanta ba sa tururuwar ƙaura. Sauran 'yan Asiya ne suka cike gurbin: 'yan Koriya, 'yan Sin, 'yan Bama, da 'yan Tailan da suka koyi yanka kifi a gidajen Japanawa kafin su buɗe nasu.

Lissafin mai shago ma bai da wuyar ganewa. Kantar sushi ba ta buƙatar murhu ko bututun fitar da hayaƙi, wuri kaɗan take ci, kuma naɗi ɗaya da yawancinsa shinkafa ce ana sayar da shi da daraja. Iyali kan shigo, uba na son miya mai yaji, 'ya na son sushi, yaro ba ya son ko ɗaya sai soyayyar shinkafa, duk a sallame su a tebur guda. A ƙaramin garin da ba zai iya riƙe gidan Tailan daban da na Japan daban ba, haɗin shi ne mafita. Kudancin jihar Fulorida ya yi suna wajen yawan irin waɗannan gidaje. A gida Tailan ma abincin Japan ba baƙo ba ne, domin gidajen da ke sayar da shi a ƙasar sun haura 5,000, don haka mai girkin da ya taso a Bankok ya san sushi tun kafin ya hau jirgi.

Akwai kuma wata tsohuwar dangantaka da ba kowa ya lura da ita ba. Masana tarihin abinci suna danganta asalin sushi da yankin kogin Mekong, inda manoman shinkafa ke adana kifi ta hanyar cusa shi cikin gishiri da dafaffiyar shinkafa har ya yi tsami. Dabarar ta bi ta Sin ta kai Japan, inda har yanzu ake yin irinta da kifin tafkin Biwa. A Tailan ma ba ta mutu ba, ita ce ke ba da pla som da pla ra na mutanen Isan. Daga baya Japanawa suka gajarta jiran watanni ta hanyar zuba ruwan khal a shinkafa, sannan a shekarun 1820 aka fara sayar da ɗunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, aikin da ake jingina wa Hanaya Yohei. Saboda haka idan ɗan Isan ya tsaya a bayan kantar sushi, sana'ar da ta fita daga yankinsu ce ta zagayo ta same shi.

Tukunya biyu ta shinkafa

Duk gidan da ya san abin da yake yi yana dafa shinkafa iri biyu aƙalla, kuma ba ya musanya su. Ta ɓangaren Tailan doguwa ce mai ƙamshi, wadda ake kira hom mali, tana dahuwa da laushi amma tana warwarewa don ta sha miya. Wannan ba ita ce shinkafar Tailan da aka saba gani a buhuna a kasuwannin Kano da Maraɗi ba. Waccan turararriya ce da aka tafasa da ɓawonta kafin a casa, kuma don kasuwannin waje irin na Afirka ake sarrafa ta, mutanen Tailan ba ita suke ci a gida ba. Wasu gidajen kan ƙara da ta uku, mai danƙo, wadda ake turarawa a kawo cikin ɗan kwandon gora, a ci da hannu kamar yadda ake yi a Isan da Lawos.

Ta sushi gajera ce, mai kama jiki. A Amurka yawanci daga gonakin Kalifoniya take fitowa, ko dai irin Calrose da aka fitar a 1948, ko Koshihikari na Japan da ake nomawa a can. Ana wanke ta har ruwan ya fito garau, a dafa, a juye da zafinta cikin faffaɗan akushin katako, a yayyafa haɗin khal da sukari da gishiri, a riƙa yanka ta da mara ana fifita har ta huce ta yi sheƙi. Ba a sa ta a firiji, domin sanyi na busar da ita ta yi tauri. Ana ajiye ta a rufe da ɗuminta, kusan ɗumin jikin mutum. Tsamin khal ɗin ba don daɗi kawai ba ne: shi ke hana ƙwayoyin cutar da ke son dafaffiyar shinkafa hayayyafa, shi ya sa jami'an duba-gari a wurare da yawa kan buƙaci mai shago ya riƙa auna tsamin yana rubutawa. Daga lomar farko ake gane gida. Shinkafar da ta yi sanyi ƙalau, ko ta caɓe, ko aka matse ta har ta zama curi, alama ce ta sakaci, kuma wanda ya yi sakaci da shinkafa da wuya ya kula da kifi.

Kicin na baya

Girkin Tailan yana tsaye ne kan wasu 'yan kayan haɗi. Na farko shi ne ruwan kifi, nam pla, wanda ake samu daga ƙananan kifaye da aka jera da gishiri a randa ko rami na tsawon shekara ko fiye. Tare da shi akwai kapi, niƙaƙƙen ƙananan jatan lande da aka bari ya ruɓa da gishiri. Aikinsu a tukunya irin na daddawa ne: warinsu a ɗanye na korar baƙo, amma miyar da ba su a ciki lami ce. Sai tsamiya da lemun tsami, sai sukarin da ake dafawa daga ruwan da ake tatsa a bishiyar kwakwa ko a wata bishiya 'yar'uwar giginya, sai barkono, wanda Turawan Fotugal suka kai yankin bayan sun samo shi daga nahiyar Amurka. Ƙamshin kuma na fitowa daga wata ciyawa mai ƙamshin lemo, da saiwar kha 'yar'uwar citta, da ganyen wani irin lemun tsami mai kaushin ɓawo, da nau'o'in ɗoɗɗoya.

Abincin da aka fi nema shi ne pad thai, taliyar shinkafa da ake soyawa da ƙwai da awara da tsiron wake da jatan lande ko kaza, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa. Bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Gwamnatin Plaek Phibunsongkhram, wadda ta sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, ita ta ƙarfafa cin taliya a shekarun yaƙin duniya na biyu, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci kuma ake neman abincin da za a kira na ƙasa. Mai kyau launinsa ruwan ƙasa ne mai haske saboda tsamiya, taliyar a warware, da ɗan ƙaurin kasko. Wanda ya fito ja-wur yana danƙo, an haɗa shi ne da tumatirin kwalba da sukari mai yawa don a gamsar da masu son zaƙi, kuma wannan shi ne laifin da aka fi samu a gidajen da suka miƙa wuya ga kasuwa.

Miyoyin kwakwa ana bambanta su da launi. Koriya daga ɗanyen barkono take samun launinta, ja daga busasshe, rawaya daga gangamau. A gida ana daka kayan a turmin dutse, amma yawancin ƙananan shaguna daga gwangwani suke farawa, sannan mai girki ya gyara da hannunsa. Wannan ba abin kunya ba ne, a Bankok ma mutane na sayen dakakken haɗi a kasuwa. Abin dubawa shi ne ko an soya haɗin cikin kakkaurar madarar kwakwa har mai ya taso, domin a nan ƙamshin ke buɗewa. Massaman ta fita daban: tana da kirfa da kanumfari da gyaɗa da dankalin Turawa, ba ta da zafi sosai, kuma ana danganta ta da Musulmin fatake, musamman Farisawa, da suka zauna a birnin Ayutthaya a ƙarni na 17. Romon tom yum mai tsami da yaji, wanda UNESCO ta sa na jatan landensa cikin jerin al'adun duniya a 2024, yana zuwa da guntayen ciyawa da saiwa da ganye da aka sa don ƙamshi kawai, ana ture su gefe. Som tam kuwa kwaɗon ɗanyar gwanda ne da ake daka sama-sama a turmi da barkono da lemun tsami da ruwan kifi.

Mai kawo abinci kan tambayi yawan yajin da ake so, sau da yawa daga ɗaya zuwa biyar. Ma'aunin bai da tabbas, uku a wannan gida na iya zama biyar a wancan. Wanda ya taso da attaruhu ba shi da fargaba, amma barkonon Tailan ƙanana suna da zafi mai saurin kamawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi matsakaici, sannan a roƙi ɗan faranti mai kwalabe huɗu da ake ajiyewa a teburan Tailan: garin barkono, barkono cikin khal, ruwan kifi, da sukari. A al'adarsu gyara ɗanɗano a tebur ba raini ba ne ga mai girki.

Gaban kanta

A ɓangaren Japan abubuwa uku ne ginshiƙi. Sashimi yankan kifi ne zalla. Nigiri ɗan ɗunƙulen shinkafa ne da yankan kifi a kai. Maki naɗi ne da ake yi da 'yar tabarmar gora, da busasshen ganyen teku da ake kira nori, a yanka gida shida ko takwas. A gidajen unguwa naɗin ne ke kawo kuɗi, kuma yawancinsu a Amurka aka haife su: masu cuku, masu soyayyen jatan lande, masu miyar mayonis da aka haɗa da Sriracha. Ita wannan miyar barkono sunan garin Si Racha na gaɓar tekun Tailan take ɗauke da shi, ko da yake wadda ta mamaye Amurka wani ɗan gudun hijira daga Biyetnam, David Tran, ne ya fara yin ta a Los Anjalis a 1980.

Kallon mai yanka na minti biyu ya isa ya nuna horonsa. Yakan goge wuƙa da jiƙaƙƙen ƙyalle bayan kowane yanka, ya ja ta sau ɗaya daga gindi zuwa baki ba tare da goga ta gaba da baya ba. Yakan tsoma yatsu cikin ruwa mai khal, ya ɗebo shinkafa, ya shafa ɗigon wasabi a cikin yankan kifin, ya haɗa su da matsa biyu ko uku, ya ajiye. Kifin da ya rage yana komawa cikin sanyi nan take.

Wasu abubuwan da ke kan farantin ba su ne abin da sunansu ya nuna ba. Koren abu mai hawa hanci da ake kira wasabi, kusan ko'ina haɗi ne na wata saiwa ta Turai mai yaji da mustad da launi, domin na ainihi a ruwan sanyi mai gudana yake tsirowa, a wurare irin su Shizuoka da Nagano, kuma yana da tsada ƙwarai. Naman kaguwar da ke cikin naɗin Kalifoniya yawanci niƙaƙƙen farin kifin tekun Alaska ne da aka haɗa da sitaci aka yi wa launi. Kifin salmon da yanzu ya fi kowane farin jini bai cikin sushin gargajiya, saboda na tekun Fasifik yana ɗauke da tsutsa. Ƙasar Norwe ce ta shafe shekaru tun daga 1986 tana tallata nata na kiwo ga Japanawa kafin su karɓa. Riɗin da ake barbaɗawa ma yana da nasa labarin: Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayowa, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar mata.

Inda abin ya wuce sauƙaƙa farashi ya zama algus shi ne musanya kifi. Wani bincike da ƙungiyar kare teku ta Oceana ta fitar a 2013 ya gano cewa a wuraren sayar da sushi da ta gwada a Amurka, kashi 74 cikin ɗari na samfuran ba su ne kifin da aka rubuta ba. Mafi muni shi ne wanda ake kira farin tuna, wanda sau da yawa wani kifi ne mai suna eskola, mai wani irin maiƙo da cikin ɗan'adam ba ya narkarwa, yana sa gudawa. Japan ta hana sayar da shi tun 1977. Ba kullum laifin mai shago ba ne, wani lokaci shi ma haka dillali ya kawo masa, amma gidan da ya kasa faɗin ainihin sunan kifinsa bai cancanci a ci ɗanye a wurinsa ba.

Ɗanyen kifi da doka

Mutane da yawa na zaton kifin sushi mai kyau shi ne wanda bai taɓa shiga firiza ba. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka akasin haka ta tanada. Kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifiri na kwana 7, ko a digiri 35 ƙasa da sifiri na awa 15 bayan ya daskare, don a kashe tsutsotsi irin su anisakis. An keɓe wasu nau'o'in tuna da wasu kifayen kiwo daga wannan sharaɗi. Daskarewa tana kashe tsutsa amma ba ta gamawa da ƙwayoyin cuta, saboda haka dole kifin ya zauna a digiri 5 ko ƙasa har zuwa lokacin yanka. Shi ya sa likitoci ke shawartar masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su tsaya ga dafaffe. A nan gidan mai kicin biyu ya fi amfani, domin dafaffen yana nan birjik.

Hatsarin da ya keɓanta da irin wannan gida shi ne ƙarancin ciniki a ɓangare ɗaya. Idan jama'ar unguwa don miya suke zuwa, kifin kanta zai daɗe a ajiye. Kifi mai kyau yana sheƙi, namansa a tsaye, ba ya ƙarni. Wanda gefensa ya bushe ko ya dushe, ko ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, ya kwana biyu. A wasu wurare hukuma ta sauƙaƙa wa mai saye: gundumar Los Anjalis tun 1998, da birnin New York tun 2010, suna tilasta manna sakamakon duba-gari a ƙofa da harafin A ko B ko C.

Ladabin tebur

Al'adu biyu ne ke haɗuwa a tebur ɗaya. Mutanen Tailan da cokali suke cin shinkafa, mai yatsu yana hannun hagu yana tura abinci cikin cokalin, ba ya zuwa baki. Tsinkayen cin abinci na taliyar romo ne kawai. Ana kawo miyoyi duka a tsakiya, kowa ya ɗebi kaɗan ya ɗora kan shinkafarsa, ya gama ya sake ɗiba. Mutum huɗu da suka sayi miya ɗaya da soye ɗaya da kwaɗo da romo suka raba, sun fi morewa a kan waɗanda kowa ya rungumi farantinsa.

Nigiri ana iya ɗaukarsa da hannu, kuma loma ɗaya ake yi masa. Gefen kifin ake tsomawa cikin miyar waken suya, domin shinkafar in ta jiƙa wargajewa take yi ta kwashi gishiri. Cittar da aka jiƙa a khal ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi. Abu biyu ne Japanawa ke ƙyama ƙwarai saboda sun shafi jana'iza: soka tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, da miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke. Game da tsari kuwa, sushi ya kamata ya riga zuwa. Harshen da barkono da tafarnuwa suka riga suka kama ba zai bambanta tuna da salmon ba. Ana rufewa da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da nunannen mangwaro idan lokacinsa ne.

Ga Musulmi da masu ƙyamar wasu abinci

A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin ƙasar Hausa ke bi, dabbobin ruwa halal ne gaba ɗaya, Hanafiyya kuma ta taƙaita ga kifi. Don haka matsalar ba ta cikin kifin, tana cikin abin da aka haɗa. Mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, giya ne mai ƙarfin kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma shi da giyar shinkafar Japan da ake kira sake suna shiga miyar teriyaki da baƙar miyar da ake shafa wa gasasshen kifin unagi, wasu ma kan ɗiga shi a haɗin shinkafar sushi. Miyar waken suya da aka bari ta tsima tana da ɗan burbushin barasa, malamai sun saɓa a kanta, kuma akwai wadda ke da shaidar halal. A kicin na baya alade na da yawa a girkin Tailan, kuma ƙullin gyoza da shi aka fi cusawa. Kasko ɗaya da mai ɗaya kan yi wa kowa aiki. Kaza da naman sa ba yankan Musulmi ba ne sai in an rubuta. Mafita ita ce tambaya kai tsaye da zaɓen abincin teku ko awara, kuma ƙaramin gida ya fi sauƙin wannan, domin wanda ake tambaya sau da yawa shi ne mai shagon ko matar mai girkin.

Wanda gyaɗa ko jatan lande ko riɗi ke tayar wa da ciwo dole ya faɗa tun kafin a ɗora kasko. Miyar da aka ce ta ganye ce zalla tana iya ƙunsar kapi tun daga gwangwani.

Kuɗi da hukunci

Da rana ana samun rangwame, faranti ɗaya da ɗan romo ko kwaɗo, ko akwatin bento mai gida-gida. Farashin da ke rubuce bai haɗa da haraji ba, kuma ana sa ran tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A Japan ba a ba da tukuici, amma a Amurka shi ne abincin ma'aikaci, domin mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa masu karɓar tukuici dala 2.13 ne a awa tun 1991, ko da yake jihohi irin su Kalifoniya sun ɗaga nasu. Manhajojin kai abinci gida suna yankar kaso mai tsoka daga kowane ciniki, shi ya sa masu shaguna suka fi son a kira su kai tsaye ko a zo a zauna. Zaman ma ya fi wa abincin: nori na yin laushi cikin mintuna, taliya kuma na curewa a roba.

Masu tsattsauran ra'ayi kan raina waɗannan gidaje da cewa ba na asali ba ne. A 2006 ma'aikatar noma ta Japan ta yi yunƙurin kafa tsarin tantance gidajen abincin Japan na ƙasashen waje, aka yi mata ca, ta janye a shekarar da ta biyo baya. Ta yi daidai da ta janye. Soyen da ake kira tempura daga Fotugal ya shiga Japan, taliyar pad thai daga Sinawa aka gada, salmon daga Norwe. Gidan unguwa ba ya gogayya da ƙwararren da ya shekara goma yana koyon sana'a a Tokiyo, farashinsa ma bai ce haka ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne shinkafa mai ɗumi da aka haɗa a ranar, kifi mai sanyi da aka kira da sunansa na gaskiya, da kasko mai zafi da ba a cika wa sukari ba. Gidan da ya cika waɗannan uku ya cancanci kuɗin mai ci da dawowarsa, ko daga wace ƙasa mai wuƙar ya fito.